Su Waye Ke Ceton Beyar, Kuma Me Suke Yi Bayan An Kashe Kyamara?

Wata ɗaliba da ke aji huɗu a tsangayar likitancin dabbobi ta aiko mini da tambaya. Ta ce ta kalli wani bidiyo inda aka yanke ƙarafan keji aka fito da wata beyar da ta shekara da shekaru a kulle, mutanen wurin suna ta share hawaye. Tana so ta san su waye waɗannan mutane, da me suke ci, kuma shin aikinsu yana tsare namun daji da gaske, ko dai tausayin jama'a ake tara kuɗi da shi.

Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka, musamman saboda ƙarshen tambayar, don ita ce wadda masu aikin kansu suke kwana da ita a rai. Abin da kika gani a bidiyo aikin yini ɗaya ne. Beyar tana iya kai shekara 30 a hannun mutane, kuma kusan duk wadda ta girma a keji ba ta iya komawa daji. Wanda ya buɗe mata ƙofa ya ɗauko wa kansa ciyarwa da jinya har ranar da zai haƙa mata rami. Masu ɗauke da wannan kaya su zan ba ki labari, kuma yawancinsu ba a taɓa haska fuskarsu ba.

Tunda ba dabbar ƙasarmu ba ce, bari in ɗan share miki fage. Beyar iri takwas ce a duniya, kuma babu ko ɗaya a dazukan Afirka a yau. Ta ƙarshe tana tsaunukan Atlas ne a arewacin nahiyar, ta ƙare tun ƙarni na 19. Waɗanda suka fi faɗawa hannun masu ceto su ne baƙar beyar ta Asiya mai farin zane kamar jinjirin wata a ƙirji, da 'yar ƙaramar nan ta dazukan Borneo da Kambodiya, da mai gashi buzu-buzu ta Indiya wadda gara ce abincinta, sai kuma mai ruwan ƙasa ta Turai da Rasha. Kowace da irin wahalar da mutum ya jefa ta.

Mafi muni ita ce tatsar matsarmama. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe suna amfani da ruwan matsarmamar beyar, kuma a gaskiya akwai wani sinadari a cikinsa, wanda likitoci ke kira UDCA, da ke narkar da wasu duwatsun matsarmama, yana kuma taimakon wasu masu ciwon hanta. Abin takaicin shi ne an daɗe da iya haɗa wannan sinadari a masana'anta ba tare da an taɓa beyar ba. Duk da haka, daga shekarun 1980 aka soma kiwonta a keji a Sin don a riƙa tatsa tana raye. Wasu ana dasa musu bututu a ciki, wasu a huda musu kafar da ba a barin ta ta warke, ruwan yana ɗiga. A Biyetnam kuwa allurar barci ake yi mata, a nemo matsarmamar da na'urar sikanin, a soka doguwar allura a zuƙe. Kejin sau da yawa bai fi tsawon jikinta ba, ba ta iya miƙewa tsaye, ba ta iya juyawa.

A 1993 wata 'yar Ingila mai suna Jill Robinson ta shiga irin wannan gona a kudancin Sin, ta ga abin da ake yi a ɗakin ƙasa. A 1998 ta kafa ƙungiyar Animals Asia, a 2000 kuma ta cimma yarjejeniya da hukumomin Sin aka buɗe mafaka a kusa da birnin Chengdu. Daga baya suka gina wata a gandun dajin Tam Dao na Biyetnam. A can Ostareliya kuma wata dattijuwa a birnin Perth, Mary Hutton, ta ga labarin a talabijin, ta tsaya a ƙofar kanti tana tattara sa hannun mutane, har abin ya zama ƙungiyar Free the Bears a 1995, mai mafaka a Kambodiya da Lawos da Biyetnam. A Romaniya Cristina Lapis ta buɗe mafakar Libearty a Zarnesti a 2005 don dabbobin da ake kullewa a gaban gidajen abinci da gidajen mai a jawo masu ciniki. Waɗannan su ne sunayen da za ki fi ci karo da su, kuma sun cancanci yabo. Ki lura da abu ɗaya: babu wadda ta fara da digirin likitan dabbobi a cikinsu. Abin da suka iya shi ne naci, da zama a ofisoshin gwamnati shekara da shekaru, da roƙon kuɗi ba tare da jin kunya ba.

Namu ɓangaren, wato na likitoci, yana farawa ne da isowar mota. Beyar da ta fito daga gonar tatsa tana zuwa da tarin cuta. Haƙora sun kakkarye saboda cizon ƙarfe. Tafin ƙafa ya tsattsage don bai taɓa taka ƙasa ba. Farata sun yi tsawo sun lanƙwashe sun shige cikin nama. Wata babu hannu ɗaya, alamar tarkon waya ne ya kama ta a daji tun tana ƙarama. Matsarmamar ta kumbura ta cika da mugunya, sau da yawa dole a yi tiyata a cire ta gaba ɗaya. Bayan shekaru kuma, ko da ta murmure ta yi ƙiba, sai ciwon dajin hanta ya bayyana, ko hawan jini, ko makanta, ko ciwon gaɓoɓi. Ana killace ta makonni kafin a haɗa ta da wasu. Likita a irin wannan wuri shi ne mai fiɗa, shi ne mai haƙori, shi ne mai ido, kuma shi ne wanda za a kira ranar da jinya ta ƙare a ce ya yanke shawarar a sauƙaƙa mata. A mafakar Chengdu akwai maƙabarta ta dabbobin, kowace da alamarta.

Amma likita yana ganin dabba ne a kwance cikin barci, sau ɗaya a shekara ko shekara biyu. Wanda ya san ta a farke shi ne mai kula, wanda ke wanke ɗaki, ya kwashe kashi, ya yanka kabewa da kankana, ya zagaya shingen waya mai lantarki kowace safiya da ma'auni a hannu. Kusan dukkansu 'yan ƙauyukan da ke kewaye ne, albashinsu ba wani abin kirki ba. Aikinsu yana da wani sashe da baƙo zai ɗauka wasa ne: su ɓoye abinci a kogon icce, su shafa zuma can saman reshe, su tura gyaɗa cikin gora. Dalili shi ne beyar a daji tana cinye yininta wajen neman abinci da hanci. In aka ajiye mata a kwano ta lashe cikin minti biyar, sai ta koma kaɗa kai hagu da dama, ko zagaye wuri ɗaya, irin taɓin da keji ya bar mata. Akwai wadda za a buɗe wa ƙofar fili ta yi watanni tana leƙe, ba ta yarda ta taka ciyawa ba. Mai kula ba ya tura ta. Kullum sai ya matsar da abincin taku ɗaya gaba.

Labarin da na fi so ki riƙe shi ne na Indiya, don shi ya fi kama da abin da muka sani. Akwai wata al'umma a can da ake kira Kalandar, Musulmi ne, matalauta ƙwarai, waɗanda sana'arsu ta gado tun zamanin sarakunan Mughal ita ce rawa da beyar. A da, mafarauta ke sato 'ya'yan daga kogo, sau da yawa bayan an kashe uwar. Sai a gasa basilla a wuta a huda saman hancin ɗan, a zura igiya, a fasa masa fiƙoƙi. In aka ja igiyar, zafi ya sa ya miƙe yana tsalle, shi ne ake kira rawa. Dokar kare namun daji ta 1972 ta haramta wannan, amma an ci gaba da yi a bakin titin Delhi zuwa Agra, a gaban 'yan yawon buɗe ido, fiye da shekara 20 bayan dokar. Hukuma ba ta da inda za ta kai dabbar in ta ƙwace, mai ita kuma ba shi da wata hanyar ciyar da iyali.

Kartick Satyanarayan da Geeta Seshamani, waɗanda suka kafa ƙungiyar Wildlife SOS a 1995, sun fara ne da zama a bukkokin Kalandar suna ƙirga dabbobi suna sauraron mutane. Abin da suka fito da shi ya ba wasu masu son dabbobi haushi a lokacin, domin sun ce a taimaki mai beyar. Duk wanda ya miƙa tasa, ya sa hannu cewa ba zai sake sayen wata ba, ana ba shi jarin rufi 50,000, kuɗin Indiya, ya kama wata sana'a: keke mai ɗaukar fasinja, ko shago, ko sayar da abin sha. Aka sa yaransu a makaranta, aka koya wa matan ɗinki da saƙa. Beyar ta farko ta shiga mafakar Agra a Disamba 2002, ta ƙarshe da aka sani, mai suna Raju, an karɓe shi a Disamba 2009. A tsakani an tattara fiye da 600. Wasu daga cikin samarin Kalandar ɗin kuma aka ɗauke su aiki a mafakar, tunda babu wanda ya kai su sanin halin dabbar.

Na taɓa yin 'yan makonni ina ƙaro ilimi a wata mafaka a Indiya, kuma a can na ga amfanin wannan da idona. Da sassafe ake dama musu kunun hatsi a manyan tukwane, a zuba zuma, a bari ya huce. Irin wannan beyar zuƙa take yi, kamar yadda take zuƙar gara daga suri, ƙarar tana kaiwa nesa, in sun haɗu da yawa sai ka ce injin ban ruwa aka tayar. Akwai wata tsohuwa makauniya, hancinta a yage gida biyu inda igiya ta ci. Mai kula da ita wani dattijo ne siriri mai jan gemu na lalle, wanda ya yi mini sallama tun ranar farko da ya ji sunana, muka riƙa yin azahar tare a bayan ɗakin ajiya. Shi da kansa ya yi yawo da beyar a titi a ƙuruciyarsa. Wata safiya ya jawo hannun rigata, ya nuna mini tasarta. Ta shanye kunun tas, amma ta bar dabino uku a gefe. Ni ban ga komai a ciki ba. Ya kama kuncinsa na hagu ya matse fuska. Da aka sa ta barci washegari muka duba, sai ga ƙurji a gindin fiƙar da aka fasa mata tun tana jaririya, mugunya ta ci har cikin ƙashin muƙamuƙi. Mun fi awa biyu kafin mu ciro guntun saiwar. Duk tsawon lokacin yana tsugune a bakin ƙofa, ya ƙi tafiya cin abinci, sai da ya ji ta fara gurnani ta farka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun daga ranar, duk garken da aka kira ni, makiyayi nake fara tambaya kafin in buɗe jaka.

A Pakistan ma an bi ta hanyar mutane. Can ana ɗaure beyar da aka cire wa haƙora a saka mata karnuka, manyan masu gonaki suna kallo. Dakta Fakhar-i-Abbas da abokan aikinsa, masu kula da mafakar Balkasar, sun bi limamai masallaci-masallaci suna roƙon a yi huɗuba a kan haƙƙin dabba. Hujjar tana hannunmu tun tuni: hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba.

Yanzu ga ƙarshen tambayarki, kuma ba zan ɓoye miki ba. Ceto daban, tsare namun daji daban, ko da yake sukan haɗu. Makauniyar nan da na ba ki labari ba za ta ƙara ko ɗa ɗaya a dajin Indiya ba. A mafaka ma hana su haihuwa ake yi, don wurin bai ishi waɗanda ke jira ba. In kika auna da lissafi, abin yana da sanyaya gwiwa: Animals Asia ta karɓi ɗaruruwa cikin fiye da shekara 20, alhali ƙungiyoyin da ke bin lamarin sun kiyasta fiye da 10,000 na cikin gonakin Sin, inda sana'ar take halal a doka har yanzu. A Biyetnam, lokacin da gwamnati ta sa wa kowace beyar 'yar na'ura mai lamba a ƙarƙashin fata a 2005, an ƙirga sama da 4,000. Yau kaɗan ne suka rage. Amma mafi yawan waɗanda suka fita daga lissafin mutuwa suka yi a keji bayan farashin ruwan ya faɗi, ba ceto su aka yi ba. Duk mai gaya miki labarin nan ya tsallake wannan, talla yake yi.

To ina amfanin mafaka ga daji? A ganina amfaninta ɗaya ne babba: ita ke ba doka haƙora. Jami'in da ya kama mai fasa-ƙwaurin 'ya'yan beyar, in ba shi da inda zai kai su, kau da kai zai yi. Da aka rufe kasuwar rawa a Indiya, mai sayen 'ya'yan ya ɓace, satar su daga kogo don wannan sana'a ta ja baya. Gwamnatin Biyetnam ta sa hannu a 2017 kan rufe gonakin ne saboda akwai inda za a zuba dabbobin. Koriya ta Kudu ta sanar a 2022 cewa za ta haramta kiwon daga farkon 2026, kuma babbar matsalar da ta taso ita ce wurin ajiye waɗanda suka rage. Mafakar da ba ta haɗa aikinta da doka da kuma cikin mutanen da ke sana'ar ba, gidan zu ce mai kyakkyawar niyya. Akwai ma waɗanda suka rataya allon mafaka alhali suna barin baƙi su ɗauki hoto rungume da 'ya'yan dabba. In kin ga haka, ki riƙe kuɗinki.

Akwai masu mayar da beyar daji, amma marayu ƙanana ne kawai. Iyalan Pazhetnov a ƙauyen Bubonitsy na yankin Tver a Rasha sun shahara a wannan. Hanyarsu akasin abin da zuciya ke so ce: ba a yi wa ɗan magana, ba a shafa shi, ana sa safar hannu da tufafi iri ɗaya, mutum ɗaya ko biyu kawai ke kusantarsa, don ya tashi yana tsoron ɗan Adam. Beyar da ta saba da mutum ƙauye za ta nufa, ƙarshenta harsashi. Dakta Wong Siew Te, wanda ya kafa cibiyar ƙaramar beyar a Sepilok ta jihar Sabah, ƙasar Malesiya, a 2008, shi ma yana sakin 'yan kaɗan da suka cancanta da abin wuya mai nuna inda suke. Shi ya sa nake jin ɗaci in na ga mai rungumar beyar a bidiyo ana kiransa masoyin dabbobi. Wani Ba'amurke, Timothy Treadwell, ya yi damina 13 yana kusantar su a Alaska, a Oktoba 2003 wata ta kashe shi da abokiyar tafiyarsa, aka kuma harbe beyar biyu a wurin. A mafaka ta gaskiya ba a shiga fili ɗaya da babbar beyar. Ƙofa biyu ce, kwaɗo biyu, kuma sai an ƙirga dabbobi kafin a buɗe.

Sai kuma waɗanda ba sa taɓa dabbar ko kaɗan, alhali su ne ginshiƙin tsare ta: masu gadin daji da ke yawo a ƙafa suna kwance tarkon waya, da masu ɗaura kyamara a bishiya don ƙirga, da masu sasanta manomi da dabba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuya. Beyar tana fasa amya, tana kashe tumaki, tana raunata masu shiga daji neman itace a tsakiyar Indiya. A Girka ƙungiyar Arcturos tana kiwon karnukan gadi tana raba wa makiyaya. A Romaniya, bayan beyar ta kashe wata budurwa 'yar shekara 19 a kan dutse a Yuli 2024, majalisa ta ɗaga adadin da za a harbe a shekara zuwa 481. Wanda ke aiki a irin wannan wuri dole ya iya zuwa gidan makoki ya zauna, ya ji zagi, bai kare dabba a ranar ba. Masu gadin kuma rai suke sa wa a gaba. A gandun Virunga na Kwango kaɗai an kashe fiye da 200, kuma don tunawa da irinsu aka ware 31 ga Yuli a kowace shekara.

Abin da suke ci kuwa, gudummawa ce. Mutum a Landan ko Sidni ya ɗauki nauyin beyar ɗaya yana biyan wani abu duk wata, ga kuɗin ƙofa daga masu ziyara, ga tallafin gidauniyoyi. Gwamnati takan ba da fili. Shi ya sa ake yin bidiyon da kika gani, kuma ban ga laifinsu ba, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da annobar korona ta hana tafiye-tafiye a 2020, wurare da yawa sun shiga tsaka mai wuya, don bakin dabba bai san an rufe filin jirgi ba.

Idan zuciyarki ta karkata ga wannan aiki, ba sai kin nemi biza ba. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Damagaram ya ga gardawa da kura a cikin takunkumi, da gwaggon biri a sarƙa, yara na bin su. Gado ne, abinci ne, kuma wahala ce ga dabbar, kamar dai na Kalandar. Muna da giwayen Yankari da ke shiga gonakin maƙwabta, da raƙuman dawa na Kure a Nijar waɗanda suka ragu zuwa kusan 50 a tsakiyar shekarun 1990 kafin 'yan jagora da manoman yankin su taimaka su haura 600. A Kalaba, Liza Gadsby da Peter Jenkins sun shafe fiye da shekara 30 suna karɓar marayun birai a ƙarƙashin ƙungiyar Pandrillus, da ma'aikata 'yan ƙasa.

Ki dage da darasin sa barci da na haƙori, su biyun za ki fi buƙata, kuma ki koyi rubuta komai a rajista: nauyi, yawan magani, minti nawa kafin dabba ta kwanta, minti nawa kafin ta tashi. Hutu mai zuwa ki je gidan zu mafi kusa da ke, ki gai da likitan, sannan ki roƙi a haɗa ki da baban da ke share kejin kura. Ki zo da takalmin roba da tsintsiya, ki bi shi tun ƙarfe 6 na safe, ki tambaye shi wacce ce ba ta cinye namanta jiya ba.